Ruwan da Ya Wanke Mantau Mai Baƙin Mai

An ce wai an yi wani sarkin tasha a garin Rafin Ɗorawa, ana kiransa Alhaji Jatau. Shekara talatin ya yi yana jan babbar mota kafin gwiwa ta ce masa ya isa haka, sai direbobi suka taru suka naɗa shi sarkinsu, suka kafa masa kujera a gindin wata dalbejiya da ke tsakiyar tasha. Mutum ne mai sanyin magana, mai son raha, mai son abinci fiye da yadda likita ya yarje masa. Amma duk wanda ya ɗauki rahar tasa wauta, to bai taɓa tsayawa gabansa da ƙara ba.

A tashar nan akwai doka guda da ba a sassauta wa kowa. Duk wanda aka kama ya ɗura tsohon mai, wato wanda aka riga aka juye daga wani inji, a cikin sabon galan ya sayar wa direba, a ranar za a kwance rumfarsa, a raka shi bakin ƙofa, kuma ba zai sake sayar da ko allura a wurin ba. Direba yakan yafe wa wanda ya zage shi, yakan yafe wa wanda ya ƙwace masa fasinja, amma ba ya yafe wa wanda ya kashe masa inji.

To, akwai wani dattijo mai suna Mantau, shekararsa goma sha tara yana sayar da baƙin mai a wata rumfa kusa da famfo. Ni dai har gobe ina mamakin Bahaushe da wannan suna. Abu ya fito daga galan garai-garai kamar zuma, amma ya dube shi ya ce masa baƙin mai, kuma babu wanda ya taɓa tambayar dalili. Mantau iri biyu yake ajiyewa. Akwai mai araha, mai ɗan kauri, wanda galibin direbobi ke saye. Akwai kuma mai tsada, wanda masu boko ke kira sintetik, 'yan tasha kuwa suka laƙaba masa suna Ɗan-gata, don kuɗin galan ɗayansa ya sayi uku na wancan. Mantau ba shi da gona, ba shi da wata sana'a. Rumfar nan ce ke ciyar da mutum tara a gidansa, kuma sunansa na kirki ne ke riƙe da rumfar. Sai dai Allah ya yi shi da in'ina, idan ransa ya ɓaci kalma ɗaya takan tsaya masa a baki har mai saurare ya gaji ya tafi.

Wata rana wani matashin direba mai suna Korau ya shigo tasha da motar da ya saya a hannun wani ma'aikaci. Motar ta zamani ce, jikinta na sheƙi, sai dai tsohon mai ita irin mutanen nan ne da ba sa tuna juyen mai sai inji ya fara kuka. Korau ya sa an rubuta mata a baya, "Sannu Ba Ta Hana Zuwa," alhali duk tashar babu mai gudunsa, a kan titi ko a wajen magana.

Ya taka burki a gaban rumfa ya ce, "Baba Mantau, ba ni baƙin mai, wanda babu na biyunsa. Araha ba ta ado, wannan amaryar ba za ta sha na talakawa ba."

Mantau ya zagaya ya duba rubutun da ke kan murfin injin, ya koma ya ɗauko Ɗan-gata. Korau ya fasa hatimin galan da hannunsa, ya ɗiga man a yatsa ya murza, ya yatsine fuska ya ce, "Wannan ai ruwa-ruwa ne, Baba."

Mantau ya ce, "Ha... haka yake. Injin nan hanyoyinsa ƙanana ne, mai kauri ba ya ratsa su da wuri. A... amma ka sani, wannan karo na fa... fa..."

Korau ya ce, "Na ji, na ji, Allah ya ba da kasuwa." Ya ja mota ya nufi wurin makanike aka yi juye, Mantau ya tsaya da sauran maganarsa a baki.

Bayan mako biyu, da hantsi, Korau yana zaune yana jiran layinsa tare da abokinsa Sallau. Shi Sallau ba ya sayen mai a galan ko kaɗan. A bakin hanya yake tsayawa a auna masa daga wani duro marar suna marar rubutu, ya ce duk mai mai ne, sauran kuɗin kwali ne kawai. Zance ya kai su ga alfahari, kowa yana yabon abin da yake shayar da motarsa, har Sallau ya ce gani ya kori ji, kowa ya zaro gejinsa, wato sandar nan da ake tsomawa a ga yawan mai. Sallau ya zaro nasa, wata biyu da zubawa, ga mai nan jawur da haskensa. Korau ya zaro nasa yana murmushi, sai ga shi baƙi ƙirin.

Sallau ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Kai, an yi maka sakiyar da ba ruwa! Tsohon mai aka tace ya yi haske aka ɗura maka a sabon galan. Mako biyu kacal ya koma halinsa. Ɗan-gata ko ɗan bola?"

Dariyar nan ita ta fi yi wa Korau ciwo, fiye da kuɗinsa. Ya shafa man a tafin hannayensa biyu don kowa ya gani, ya ɗaga su sama, ya fara daga teburin mai shayi, ya bi ta ƙofar masallaci, ya ƙare a bakin ƙofar tasha inda fasinjoji suka fi yawa, yana shela cewa Mantau mai sayar da tsohon mai ne. Kafin a ce me, direbobi sun yi dafifi a rumfar dattijon, har wani ya fara kwance igiyar da ta ɗaure buhun inuwa. Mantau ya fito yana cewa, "Wa... wa... wa..." Rantsuwa yake so ya yi, amma masu jin haushi suka ce kun ji ko, rashin gaskiya ya ɗaure masa baki. Allah ya sa labari ya kai ga Sarkin Tasha, ya aiko cewa duk wanda ya sake taɓa igiya ɗaya sai ya yi wata guda bai ɗauki layi ba, kuma kowa ya zo gindin dalbejiya.

Nan fa Alhaji Jatau ya sami kansa gaba kura baya sayaki. Korau ɗan ƙungiya ne, direbobi duka suna bayansa, kuma hujjarsa tana hannunsa kowa na kallo. Mantau ɗan kasuwa ne shi kaɗai, ba shi da hujja sai bakin da ya ƙi buɗuwa. Idan Sarki ya bi ran jama'a, ya kori mutumin da zuciyarsa ke gaya masa ba shi da laifi, ya jefa mutum tara cikin yunwa. Idan kuwa ya tashi ya yi musu dogon bayani a kan halin mai da halin inji, za su ce tsoho ya karɓi na goro, su jira ya tafi gida su rushe rumfar. Ya san mutanensa sarai: direba ba ya yarda da abin da aka gaya masa, sai abin da ya faɗa da bakinsa.

Ya dubi Korau ya ce, "Ɗana, ranar da ka je wurinsa, me ka ce ya ba ka?"

Korau ya ce, "Baƙin mai, ranka ya daɗe."

Sarki ya ce, "To ga shi ya yi baƙi. Ashe ƙarar ta ƙare ke nan, mutum ya ba ka abin da ka tambaya."

Mutane suka fashe da dariya, har waɗanda suka zo da fushi. Korau bai yi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba wasa ya kawo ni ba. Na Sallau wata biyu yana nan da haskensa, nawa mako biyu ya zama gawayi. Makaho ma ya san wanne ne na kirki."

Sarki ya ce, "Gaskiyarka, wannan magana ce mai nauyi, kuma ba a ɗaukar kaya mai nauyi da yunwa. Rana ta take, a kira mini Ladiyo."

Ladiyo ita ce mai sayar da tuwo a tashar, mace mai jiki, mai tsabta, wadda harshenta ya fi barkonon miyarta zafi. Sarki ya yi mata raɗa a kunne, ta tafi, ba a jima ba ta dawo da tuwon shinkafa da miyar taushe, man shanu yana narkewa a kai, da kwanon ruwan sanyi daga randa. Sarki ya ce mai ƙara ya matso su ci tare, don baƙin cikin da aka sa shi. Korau ya zauna, ya tsoma hannayensa a ruwan ya cuɗa, ya sake cuɗawa. Ruwa yana nan garau har ana ganin gindin kwano, hannu kuma yana nan baƙi yadda ya shiga.

Sarki ya ce, "Bisimilla, sa hannu."

Korau ya ce, "Ranka ya daɗe, ai hannun bai fita ba."

Sarki ya leƙa kwanon ya ce, "Kamar yaya bai fita ba? Dubi ruwan nan, tas da shi. Wannan ai ruwan kirki ne, ka wanke hannu a ciki bai ko sauya launi ba. Ci abinka."

Korau ya ce shi dai ba zai iya sa wannan hannu a tuwo ba. Sai Ladiyo ta yi tsaki ta miƙo wani kwanon, na ruwan ɗumi da garin sabulu. Korau ya tsoma ya murza sau uku, ruwan ya rikiɗe ya zama baƙi, hannayensa suka fito fes.

Ai kuwa sai Sarki ya zabura ya miƙe, shi da gwiwa ke hana shi tashi sai an kama shi, ya buga sandarsa a ƙasa ya daka tsawa. "Ladiyo! Ashe ke ma haka kike? Ruwan da aka riga aka yi wanke-wanke da shi kika tace kika kawo wa baƙona? Ku duba jama'a, ko minti ɗaya bai yi ba ya koma halinsa! Ku je ku kwance rumfarta, ku kife tukwanenta, yau ta bar tashar nan!"

Ladiyo, wadda raɗar da aka yi mata ba ta kai nan ba, ta ɗaure gyale a ƙugu ta ce, "Ni? Ni Ladiyo? Alhaji, shekara nawa kana lashe kwanona ba ka taɓa ganin ƙuda ba, yau za ka ce na kawo ruwan wanke-wanke? Wallahi duk wanda ya taɓa mini tukunya sai na juye masa miyar a ka, ko da rawani!"

Korau ya ga za a zalunci baiwar Allah a kansa, ya tashi da sauri ya shiga tsakani ya ce, "Haba, ranka ya daɗe! Ai ruwanta ba shi da laifi. A gabana ta kawo shi da haskensa. Dauɗar hannuna ce ya kwashe, shi ya sa ya yi baƙi. Wancan na farkon da kake yabo ai bai yi aikin komai ba, ya bar ni da dauɗata ya zauna da tsabtarsa."

Sarki ya koma ya zauna a hankali. Ya ce, "Ban ji ba, kunnen tsufa. Maimaita da ƙarfi."

Korau ya buɗe baki zai maimaita, sai maganar ta dawo masa a kunne kafin ta fita. Ya dubi kwanon baƙin ruwa, ya dubi hannayensa, ya waiwaya ya dubi Mantau da ke tsugune can gefe. Sai ya gane ashe abin da ruwan sabulu ya yi wa hannunsa shi man Mantau ya yi wa injinsa.

Sarki ya ce, "Ba ni na yanke ba, kai ka yanke. Amma kada wani ya je gida ya ce Jatau ya yi mana wayo da tuwo. A kawo motocin nan biyu, a buɗe murfin da ake zuba mai, a haska da tocila."

Aka kawo su. A injin Korau aka ga ƙarfe ya fara bayyana da haskensa, tsohuwar dauɗar da ma'aikacin nan ya tara tana saki tana bin mai. A injin Sallau kuwa aka tarar da wata daskararriyar dauɗa ta manne ko'ina kamar kwalta, man duro yana bi ta kanta yana wucewa bai taɓa ta ba. Sallau ya dafe kai ya yi salati, dariyar safe ta koma ciki.

Sannan Sarki ya ce, "Malam Mantau, an gaya mini ranar ciniki ka fara wata magana ba a bari ka gama ba. Yau za ka gama ta. Duk wanda ya yi tari kafin ya kai aya, ya ba da tarar goro."

Mantau ya miƙe. Maganar ta ɗauke shi lokaci, gumi yana zubo masa, amma babu wanda ya motsa. Ya ce abin da ya so faɗa shi ne, karo na farko man zai yi baƙi da wuri domin injin ya daɗe ba a kula da shi ba, don haka Korau ya dawo bayan mako uku a sake juyewa a canja filta, wato matatar man, daga nan mai zai riƙa daɗewa. Da ya kai ƙarshe, kunya ta rufe direbobin nan, domin da yawansu sun shekara suna ciniki da shi, kuma ranar ce farkon da suka saurare shi har ya gama jimla.

Sallau ya matso a sanyaye ya ce, "To ranka ya daɗe, mu da ba mu da ƙarfin Ɗan-gata fa? Mu ajiye tuƙi? Kai wanne kake zuba wa taka?"

Sarki ya ce, "Mai araha."

Wuri ya sake kaurewa da dariya. Ya bari suka lafa, sannan ya ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akori-kurata ta girmi wasunku, hanyoyin injinta sun buɗe, duk inda ta kwana sai ta bar shaida a ƙasa. In na ba ta Ɗan-gata, rabinsa ƙasa zan shayar. Mai araha nake saya mata, amma na galan mai hatimi, mai suna, wanda in ya cuce ni na san ƙofar da zan buga, kuma ba na bari lokacin juye ya wuce ko da kwana ɗaya. Motar Korau ta zamani ce, wanda ya ƙera ta ya rubuta abin da take sha a kan murfinta, shi ba ya da zaɓi sai ya bi. Daidai ruwa daidai tsaki. Mai araha da ake juyewa a kan kari ya fi mai tsada da aka manta da shi, kuma dukansu biyu sun fi na duron da ba a san ubansa ba. Tsada ba ta sa mai ya zama na kirki, araha ba ta sa ya zama na banza. Ka tambayi motarka abin da take so, ka tambayi aljihunka abin da zai iya yi a kai a kai, sannan ka je wurin wanda kake amincewa da shi."

Ya juya ga Korau ya ce, "Saura kai. Magana zarar bunu ce, ba ta komawa inda ta fito, amma ana iya bin sawunta da wata. Wuri uku ka ɓata sunan dattijon nan, wuri uku za ka gyara shi, da muryar da ka ɓata shi da ita. In ka rage sauti, sai ka sake daga farko. Kafin nan kuma, kai da wanda ya kwance igiyar rumfarsa za ku ɗaure ta da hannunku."

Korau, a yi masa adalci, ba mugu ba ne, gaggawa ce ta yi masa yawa. Ya je ya durƙusa gaban Mantau ya ce, "Baba, na cuce ka, ka yafe mini." Mantau ya kama kafaɗarsa ya tashe shi. Korau da wanda ya kwance igiyar suka ɗaure ta, sannan Korau ya hau bencin mai shayi ya kwarara murya irin ta 'yan kamasho masu kiran fasinja: "Jama'a ku ji! Ni Korau ni ne mai dauɗa, man Baba Mantau wanke ni ya yi!" Ya maimaita a ƙofar masallaci, ya maimaita a bakin ƙofa, yara da manya suna bin sa suna tafi. Ladiyo tana biye da su da ludayi a hannu tana cewa a ƙara da nata sunan, tunda ita ma an ɓata ta a banza, sai da Sarki ya sayi tuwon mutum goma sadaka kafin ta huce.

Mantau yana zaune a ƙofar rumfarsa yana jin sunansa yana zagaya tasha, daga teburin shayi har bakin titi. Da safe ya riga ya fara tunanin yadda zai shiga gida ya gaya wa iyalinsa an kore shi da sunan macuci, abin da ya fi korar kanta ɗaci a wurinsa. Yanzu sai ga hawaye suna bin gemunsa yana dariya, bai ko damu ya share ba. Yana cikin haka Sallau ya tsaya a gabansa, ya cire hula ya sosa ƙeya, ya ce a ba shi galan ɗaya na mai araha da filta, kuma in akwai wani bayani, shi ba sauri yake yi ba.

Shi ya sa masu hikima suka ce, idan ka ga mai yi maka aiki ya yi baƙi, kada ka yi saurin kiransa ƙazami, fara tambayar dauɗar wa ya ɗauka. Wanda ya zauna tare da kai bai taɓa yin dauɗa ba, ta yiwu ya bar ka ne da taka.